Itace Ba Ya Jira: Jawabi A Kan Sanyin Gwiwa A Tsakiyar Aiki



Da farko muna godiya ga Allah da ya nufe mu da haɗuwa a wannan zaure, sa'an nan muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Mun san da yawa daga cikinku sun zo ne da tsammanin jin magana a kan siyasa ko tattalin arzikin ƙasa. To, sai ku yi mana gafara, domin mu labarin turmi muka zo da shi. Turmin ma ba kammalalle ba, rabin turmi ne tsagagge, wanda ba a taɓa daka ko ƙwayar gero ɗaya a cikinsa ba. Amma muna fata kafin mu sauka kowa zai tuna da nasa rabin turmin da ya bari a wani lungu, domin da wuya a sami wanda ba shi da shi a cikinmu.

Labarin Turminmu

A wani dogon hutu, mu huɗu muka yi shawarar koyon wata sana'a ta gargajiya, don kada a ce mun yi digiri a kan al'adun mutanenmu alhali ba mu taɓa riƙe gizago ba. Muka je wurin wani tsohon masassaƙi da ke aiki a gindin tsamiya a bayan kasuwar wani ƙauye. Muka gaishe shi, muka faɗa masa bukatarmu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi tafin hannuwanmu, sa'an nan ya ce, "To, samari, me kuke so ku fara da shi? Ga muciya, ga ƙotar fartanya."

Muka ce, "Haba Baba, ai muciya aikin yara ne. Mu turmi muke so, kuma na kirya."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ga danya nan, ta fi taushi." Muka dage a kan kirya. Sai ya nuna mana wani ɗanyen gungume da bai daɗe da sarowa ba, ya yi mana tambaya ɗaya tak: "Za ku gama?" Muka yi dariya, muka ce in Allah ya yarda mako biyu ya ishe mu.

Makon farko daɗi ne zalla. Muka ɓare ɓawo, muka daidaita baki da gindi, muka fara fitar da ƙugun turmi da gatari da gizago. Kowane sara yana sauya kamannin gungumen, kowane mai wucewa sai ya tsaya ya ce, "Sannunku da aiki, 'yan makaranta." Da yamma mu koma gida ƙanshin ɗanyen itace na bin tufafinmu.

A mako na biyu aka shiga raraka ciki. A nan ne muka san kirya kirya ce. Mutum ya wuni yana sara, hannu ya yi bororo, kafaɗa ta riƙe, da la'asar ya zura hannu ya ji ramin bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Masu wucewa suka daina tsayawa, domin daga waje babu abin da ya sauya. A mako na uku ɗayanmu ya tafi bikin ɗan'uwansa, ɗaya ya ce zazzaɓi, mu biyun da muka rage muka ce ai ba kyau mu ci gaba ba tare da su ba. Babu ranar da muka zauna muka ce mun fasa. Cewa kawai muka yi, "Sai jibi," daga nan "sai mako mai zuwa," daga nan aka koma makaranta.

Ba mu sake taka wurin ba sai da hunturu ya kankama. Muka tarar da gungumen a jingine a inuwa inda Baba ya gusar da shi. Ya tsage tun daga baki har kusa da gindi, tsagar da mutum zai zura yatsa a ciki, gara kuma ta fara gini a ƙarƙashinsa. Baba bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi, "Ban taɓa shi ba, domin naku ne. Amma 'ya'yana, ku sani kiryar nan ta girmi iyayenku. Da kun bar ta gungume, da na yi turmi da ita. Da kun gama, da jikokinku sun ci tuwon da aka daka a ciki. Yanzu sai dai maƙera su yi gawayi."

Wannan magana ita ce tushen jawabinmu na yau. Mun daɗe muna zaton aikin da aka ajiye yana nan yadda aka bar shi, yana jiran ranar da zuciya za ta dawo. Ashe ba haka ba ne. Aikin da aka bari a tsakiya lalacewa yake yi, kuma sau da yawa rabin aiki ya fi rashin farawa ɓarna.

Me Ya Sa Itace Ba Ya Jira?

Abin da Baba ya sani ta hanyar gado, masana kimiyyar itace sun auna shi. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, a wasu itatuwan ma ruwan yakan kai rabin nauyinsa. Idan ruwan ya ragu zuwa wajen kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen itacen, sai itacen ya fara tsukewa. Tsukewar kuwa ba daidai take ta kowane ɓangare ba. Ta tsawo kusan babu ita, amma tsukewar da yake yi ta zagaye ta kusa ninka wadda yake yi daga ɓawo zuwa cibiya sau biyu. Daɗin daɗawa, bakin yanka yana fitar da ruwa da sauri fiye da gefen gungume sau goma ko fiye. Watau waje yana bushewa yana tsukewa alhali ciki yana nan a jiƙe a kumbure, tamkar ƙaramar riga a jikin ƙato. Ƙarshenta dole rigar ta yage.

Gungumen da ba a taɓa ba yana da ɓawo, ɓawon kuwa yana rage masa saurin bushewa. Turmin da aka gama rarakewa kaurin jikinsa ya ragu, ciki da waje suna bushewa kusan tare, ga shi kuma an shafe shi da mai. Wanda ke cikin hatsari shi ne na tsakiya, wanda aka tuɓe wa ɓawo aka bar masa cikinsa a cushe. Ga shi kuma a ƙasarmu ta Arewa danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu. A irin wannan iska 'yan makonni sun isa su raba gungume biyu.

Domin bambancin ya fito sosai, bari mu leƙa wurin masu sassaƙar dutse. A birnin Fulorans na ƙasar Italiya, a shekarar 1464, an ba wani gwani mai suna Agostino di Duccio kwangilar sassaƙa wani ƙaton dutsen marmara. Ya ɗan fara ya bari. A 1476 aka ba wani, shi ma bai yi nisa ba. Dutsen ya zauna a fili, rana ta dake shi ruwa ya dake shi, har shekarar 1501 lokacin da aka miƙa shi ga Mikelanjelo yana ɗan shekara 26. A 1504 ya gama fitar da sassaƙen da ya fi kowane shahara cikin ayyukansa, mai tsawon fiye da mita 5. Dutse ya yi jiran shekara 37. Kiryarmu ko wata uku ba ta jira ba. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki itace tamkar dutse. Mafi yawan ayyukan da ke hannunmu a rayuwa kuwa dangin itace ne.

Daga Ina Sanyin Gwiwa Yake Zuwa?

Abu mafi sauƙi shi ne a ce lalaci ne, a rufe magana. Amma mu huɗun nan ba malalata ba ne, kowannenmu ya yi noma a gidansu, ya kuma kwana karatu. Da muka zauna muka yi wa kanmu hisabi, sai muka gano dalilai biyar.

Na farko, ɗoki muka ɗauka a matsayin niyya. Ɗoki wutar kara ce, tana tashi da ƙarfi ta haskaka gida duka, amma ba ta dafa ganda. Abin da ya kai mu gindin tsamiyar nan hoton kammalallen turmi ne da muke gani a zuci, da kuma yabon da za a yi mana. Ba mu taɓa hoton kanmu a rana ta goma sha biyu ba, da bororo a hannu, babu mai kallo.

Na biyu, tsakiyar aiki ba ta da alama. A shekarar 1932 wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Clark Hull, ya kawo ra'ayin cewa himma tana ƙaruwa gwargwadon kusantar abin da ake nema, bayan shekara biyu kuma ya nuna ɓeraye suna ƙara gudu idan sun kusa isa ga abinci. Duk wanda ya taɓa koro jaki daga gona ya san wannan, domin da zarar ya hango gida ba ya bukatar sanda. A 2011 Andrea Bonezzi da abokan aikinsa biyu suka ƙara wani bayani. Suka nuna cewa a farkon aiki mutum yana auna kansa da inda ya taso, sai ya ga kowane taki babba ne. A kusa da ƙarshe yana auna kansa da abin da ya rage, nan ma kowane taki babba ne. A tsakiya kuwa baya ta yi nisa, gaba ta yi nisa, sai aikin wuni guda ya zama kamar ba a yi kome ba. Haka rarakar turmi take. Sara ɗari na farko a jikin gungume kowa yana ganinsa, sara ɗari a cikin rami kuwa ko mai saran da ƙyar yake ganewa.

Na uku, ƙiyasinmu na lokaci ƙarya ne tun daga tushe. Mun ce mako biyu, alhali ko sau ɗaya ba mu taɓa raraka itace ba. Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a ƙasar Kanada sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa za su ɗauka kafin su gama kundin bincikensu na ƙarshe. Matsakaicin abin da suka faɗa wajen kwana 34 ne, amma abin da suka ɗauka ya haura kwana 55, kuma waɗanda suka gama a kan lokacin da suka ɗibar wa kansu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Illar wannan ita ce, ranar da wa'adin ƙarya ya cika aiki bai kai rabi ba, sai mutum ya ga kamar ya gaza, alhali lissafinsa ne ya gaza.

Na huɗu, kayan aikinmu sun dakushe ba mu sani ba. Mun lura Baba ba ya daɗewa yana sara sai ya tsaya ya koma kan dutsen washi, mu kuwa muna ganin wannan ɓata lokaci ne. Kirya tana cin kaifin ƙarfe da sauri. Dakusasshen gizago yana sa mutum ya ninka ƙarfi ya sami rabin aiki, ga zamewa da ke iya sare ƙafa. Yawancin abin da muka kira gajiyar zuciya a mako na biyu, gajiyar ƙarfe ce. Zafin nema ba ya kawo samu.

Na biyar shi ne wanda muka fi jin kunyar faɗa, watau tsoro. Sassaƙa sana'ar ragewa ce. Maginin tukwane idan ya yi kuskure sai ya ƙara yumɓu, maƙeri ya mayar da ƙarfe wuta, marubuci ya goge. Masassaƙi kuwa abin da ya cire ya tafi ke nan. Ku dubi kujerun Nupawa masu ƙafafu da yawa, waɗanda ake fitarwa daga gungume ɗaya ba tare da haɗi ko ƙusa ba: idan ƙafa ɗaya ta karye ana dab da gamawa, ba a dasa wata. A farkon aiki itace yana da yawa, kuskure ba ya tsada. Da aiki ya yi nisa, kowane sara yana iya ɓata wahalar kwanaki. Wata rana gizagon ɗayanmu ya zame ya ɓantare leɓen turmin, ɓantarar da ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba. Tun daga ranar turmin da ke gabanmu ya daina kama da wanda ke zukatanmu, sai muka fara jin nauyin kallonsa. Muddin ba mu gama ba, muna iya ci gaba da cewa da mun gama da ya yi kyau.

Yadda Masu Sana'a Suke Ƙetare Tsakiya

Kada mu zaci masassaƙi na gado ba ya ƙosawa. Mutum ne kamar kowa. Abin da ya bambanta shi da mu shi ne bai jingina aikinsa a kan jin daɗi ba. Da muka koma wurin Baba karo na biyu, da kunyarmu, mun zuba ido a kan yadda yake tafiyar da rana, ga kuma abin da muka gani.

Da fari, yana zaɓen itace gwargwadon aiki, yana kuma zaɓen aiki gwargwadon hannu. Allon karatu da aduwa ake yi, ƙotar fartanya da marke, akushi da danya, kalangu da alilliba, turmi da taɓarya da kirya ko maɗaci ko kaɗanya. Yaron da ke koyo daga muciya da ƙota yake farawa, abin da zai gama a wuni ɗaya ko biyu, domin ya ɗanɗani daɗin gamawa tun da wuri. Wanda ya saba gama ƙarami shi ne ke da jarin da zai kashe a tsakiyar babba.

Na biyu, ba ya cewa, "Yau zan yi turmi." Cewa yake yi, "Yau zan kai ramin nan gaɓar yatsa biyu." Yana da ɗan tsinke da yake zurawa ya auna zurfi, ya yi masa alama. Da wannan ya mayar da doguwar tsakiya ta zama gajerun zangon da kowanne ke da farko da ƙarshe. Bugu da ƙari, ba ya share sassaƙen da ya zuba sai ya tashi, domin tsibin da ke gabansa shi ne shaidar cewa wunin bai tafi a banza ba.

Na uku, yana da lokaci. Da hantsi yana gindin tsamiya, ko ransa yana so ko ba ya so. Mun taɓa tambayarsa, "Baba, ranar da ba ka jin yin aiki fa?" Ya ce, "Sai in zo in wasa gizago. In na wasa shi, kunya ba ta barina in mayar da shi buhu bai ci itace ba." Watau sau da yawa himma ba ta riga aiki zuwa, a bayansa take biyowa.

Na huɗu, ya san bambancin hutu da yasarwa. Idan zai yi tafiya ko ya kwanta ciwo, ba ya barin ɗanyen aiki a rana. Yakan kai shi inuwa, ya ɗora shi a kan duwatsu saboda gara, ya cika ramin da ɗanyen sassaƙe, ya shafa mai a bakin yanka, ya rufe da buhu. Mai hutu yana shirya wa dawowarsa, ya kuma san ranar. Mai yasarwa kuwa sulalewa yake yi ba sallama, kamar yadda muka yi.

Na biyar, ba ya aiki shi kaɗai a ɓoye. A bakin hanya yake, mai turmin ta ba da kafin alƙalami, ranar kasuwa tana zuwa, abokan hira suna tambaya. Idon jama'a da alkawarin da aka ɗauka suna riƙe mutum ranar da zuciyarsa ta sake shi. Mu huɗu ne, amma maimakon kowa ya zama dalilin zuwan ɗan'uwansa, sai kowa ya zama uzurin rashin zuwansa.

Na ƙarshe, ba ya tsoron aibi. Da muka nuna masa inda leɓen turminmu ya ɓantare, dariya ya yi, ya ce da mun tambaye shi da ya sa mun rage bakin gaba ɗaya da kaurin yatsa, shi ke nan. Idan kuwa ya tarar da ruɓa ko kogo a cikin gungume, ba ya nacewa a kan turmi. Nan take yake yanke shawara ya mayar da shi kujera ko akushi tun itacen yana ɗanye. Wannan ma darasi ne: ba kowane aiki ne ya wajaba a gama shi yadda aka tsara ba, amma kowane aiki yana da hakkin a yanke masa hukunci da rana tsaka, kada a bar wa gara ta yanke.

Amanar Itace

Wataƙila wani ya ce, duk wannan magana a kan gungume ɗaya? To, mu tuna kirya ba ta girma da wuri, sai ta shekara da yawa kafin ta kai kaurin turmi, kuma manyan itatuwa irinta sai ƙara nisa suke yi da garuruwanmu saboda gawayi da faɗaɗa gonaki. 'Yar'uwarta madobiya ta sha sara don fitarwa zuwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2018 kuma aka nemi a dakatar da sayenta daga Nijeriya. Gaskiya ne sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, amma toho ba ya zama gungume a zamanin wanda ya sare. Duk wanda ya kayar da itace ya ci bashin shekarun da bai rayu ba, kuma ba shi da abin biya sai ya mayar da shi abin amfani.

Akwai kuma wanda ya biya nasa bashin, har yau muna cin moriya. A shekarar 1987, a kusa da ƙauyen Dufuna da ke Jihar Yobe ta yanzu, wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya sai ya ci karo da wani itace mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, wanda aka raraka daga gungume ɗaya. Awon da aka yi ya nuna ya kai wajen shekara 8,000, watau shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. An yi shi tun kafin a san ƙarfe, saboda haka babu gizago irin na Baba, sai kayan aiki na dutse. Mu da ramin turmi ya gagare mu da ƙarfe a hannu, mu yi tunanin tsakiyar wannan aiki: kwana nawa aka yi ana sara ba a ga jirgi ba, ba a kuma ga gungume ba? Ba mu san sunan masu aikin ba, ba mu san harshensu ba. Abu ɗaya muka sani game da halinsu, shi ne sun gama.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, kundin binciken da ke ƙarƙashin katifa ɗanyen itace ne. Bayanan da aka tattara suna tsufa, dattijon da aka yi hira da shi yana iya rasuwa kafin a koma a cike giɓi, malamin da ke dubawa yana iya sauya wurin aiki, zaren tunanin da ke kai yau ba zai kasance a wurin ba bayan wata shida. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Yayyenmu ma'aikata, ku kun fi mu sanin gungumen da aka tuɓe wa ɓawo aka bari: ɗakin shan magani da ya tsaya a linta har rodi ya yi tsatsa, rijiyar da aka haƙa ba a ɗaure ba har ta rufta, fayil ɗin wata gwauruwa da ya kwana a tire har takardun suka ɓace. Bikin aza harsashi yana da makaɗa, bikin buɗewa yana da makaɗa, tsakiya kuwa ba ta da kowa sai ƙaramin ma'aikacin da fayil ke kan teburinsa. A nan ne ake sanin wanda ƙasa za ta dogara da shi.

Saboda haka roƙonmu ƙarami ne. Kada kowa ya fita daga zauren nan da niyyar fara sabon abu. Kowa ya koma ya duba rabin turminsa a daren yau. In har yanzu yana da rai, ya wasa gizago, ya yanka wa kansa aikin gobe kaɗai, ya kuma gaya wa wani wanda yake jin kunyarsa. In dole ne ya dakata, ya rufe shi da kyau ya sa ranar dawowa. In kuwa ya riga ya tsage, ya fitar da abin da zai fitu, ya nemi gafarar wanda ya ba shi amana.

Mu dai gungumenmu na kirya ya tafi maƙera. A zuwanmu na biyu Baba ya ba mu guntun danya, muka yi kwana tara muka fitar da ɗan ƙaramin turmin daka yaji. Bakinsa a karkace yake, gindinsa ma sai an sa masa tsinke yake zama daidai. Amma yana ɗakin girkin mahaifiyar ɗayanmu, kuma ana daka a cikinsa.

Allah ya ba mu ikon gama abin da muka fara, ya sa mu gama da duniya lafiya.